Hutun Rai a Tsakiyar Hidimar Kirsimeti



Da zarar Disamba ya kama, hunturu ya fara busawa, sai garuruwanmu su canza kama. Daga Jos zuwa Kafanchan da Zonkwa, daga Numan zuwa Biliri da Garkida, daga Wusasa zuwa Sabon Garin Kano, har Maraɗi da Galmi a Nijar, duk wanda ka tare a hanya sauri yake yi. An kai amfanin gona gida, kuɗi ya ɗan shigo hannu, bukukuwan aure sun jeru Asabar bayan Asabar. Ikkilisiya na shirin godiyar kaka, 'yan kwaya na koyon waƙa kowane dare, yaran makarantar Lahadi na haddar ayoyi, Zumuntar Mata ta fitar da anko. Duk wannan abin murna ne, ƙannena maza da mata, ba na so a rage muku ko kaɗan daga cikinsa. Abin da ke damuna shi ne yawancin nauyin a wuyanku yake sauka. Ku ake aika kasuwa, ku ke jera kujeru, ku ke kaɗa ganga, ku ke tsaye a bakin murhu, ku ke raka amarya. Idan ranar 25 ga wata ta zo, fasto ya miƙe yana shelar salama, da yawa cikinku ido ya yi ja, kai ya yi nauyi, hankali kuma yana wajen tela ko wajen mai bin bashi. Sai a yi bikin Sarkin Salama a watse, mai hidimar bikin bai ɗanɗani salamar ba.

Magana ɗaya nake so ku riƙe. Yawancinmu mun ɗauka hutu lada ne da ake biya bayan an gama aiki, shi ya sa muke cewa, bari dai bikin nan ya wuce in samu kaina. Amma bikin na wucewa sai sabuwar shekara, tana wucewa sai kuɗin makaranta, sai kuɗin haya, sai sharar gona. Aikin duniya ba ya ƙarewa. Hutun da Almasihu ke bayarwa kyauta ne, a tsakiyar aiki yake miƙa shi, kuma wanda ya tsaya ya buɗe hannu shi ke karɓa.

Hotunan da ake bugawa a kalanda sukan nuna daren haihuwar Yesu tsit, ciyawa a share, dabbobi a kwance, kowa fuskarsa a sake. Ku buɗe Luka sura 2 ku karanta a hankali, za ku ga wani abu dabam. Kaisar Augustas ne ya ba da umarni a ƙidaya mutane, kowa ya nufi garinsu a rubuta shi. Babu wanda ya tambayi Yusufu ko lokacin ya yi masa daidai. Dole ta sa ya taso da Maryamu da tsohon ciki daga Nazarat ta Galili zuwa Baitalami ta Yahudiya, tafiyar fiye da kilomita 100, a zamanin da ƙafa da jaki ne abin tafiyar talaka. Suka iske babu wuri a masauki, haihuwa kuwa ba ta jira. A komin dabbobi aka kwantar da jaririn. Duk wanda ya taɓa yini a tashar mota ranar 23 ga Disamba, kaya a ka, kuɗin mota ya ninka, ana ture-ture a ƙofar bas, ya fi mai zanen kalanda gane halin da waɗannan bayin Allah suka shiga. Makiyayan da aka fara yi wa albishir ma a bakin aiki suke, suna gadin garke da dare. Cikin wannan cinkoso Allah ya zaɓi ya shigo duniya, bai jira gari ya lafa ba.

Ku kuma lura da Maryamu. Sau biyu a wannan surar Luka ya nuna ta tana adana al'amuran a zuciyarta. Mai jego ce a garin da ba nata ba, baƙi na shigowa da labarin mala'iku, duk da haka akwai wani wuri a cikinta da hayaniya ba ta kai ba. Irin wannan wuri nake roƙa wa kowannenku.

A Luka sura 10 akwai labarin da ya fi kowane kama da gidajenmu a wannan wata. Yesu ya sauka a gidan Marta da 'yar'uwarta, wata Maryamun. Marta ta yi abin da duk 'yar da ta samu tarbiyya za ta yi: baƙo ya zo, ta shiga hidima. Maryamu kuwa ta zauna kusa da shi tana sauraron koyarwa. Can aiki ya sha kan Marta, ta fito da ƙara, ƙarar kuma ta shafi mutum biyu. Ta zargi Ubangiji da rashin kulawa, ta zargi 'yar'uwarta da barinta ita kaɗai. Yesu bai tsawata mata don ta yi girki ba. Ya kira sunanta har sau biyu, kira na ƙauna, ya nuna mata cewa damuwa ta raba mata hankali gida-gida, alhali abin da ya zama dole ɗaya ne tak, shi ne kuwa 'yar'uwarta ta riƙe. Ku ajiye waɗannan alamu biyu a ranku. Ranar da kika ji kina cewa ai ko Allah bai ga wahalata ba, kika kuma fara ƙirga waɗanda ba su taya ki ba, to hidimar ta fara cin ranki, lokacin zama ya yi. Marta ba mai ƙaramar bangaskiya ba ce. Ita ce a Yohanna sura 11 ta shaida da bakinta cewa Yesu ne Almasihu Ɗan Allah, alhali ɗan'uwanta Li'azaru na kwance a kabari. Masu ƙaunar Ubangiji da gaske su suka fi faɗawa wannan hali, domin su ne ba sa iya ganin aiki a ƙasa su wuce.

Ku leƙa bayan gida da asubar ranar Kirsimeti. Tun ƙarfe huɗu an hura wuta, sanyi na ratsa ƙashi, hayaƙin ɗanyen itace na sa hawaye. Shinkafa a murhu ɗaya, miya a ɗaya, ruwan figar kaji a na uku. Budurwar da ta kwana suyar cincin ita ke yanka albasa, ita ke jajjage, ita ke yi wa ƙanne wanka ta shafa musu mai ta sa musu sababbin kaya. Ƙararrawar coci ta kaɗa, ta ce musu, ku yi gaba, ga ni nan zuwa. Kafin ta zuba abincin maƙwabta a kwanuka, ta watsa ruwa, ta ɗaura ɗankwali, ana addu'ar rufewa. Duk tsawon wannan lokaci yayyenta maza na ƙofar gida suna shan hantsi suna latsa waya, suna tambaya ko ruwan zafi ya yi.

Samari, da ku nake. A Maimaitawar Shari'a sura 5, da Allah ya ba Isra'ila ranar hutu, bai tsaya kan maigida ba. Ya haɗa da ɗa da 'ya, bawa da baiwa, sa da jaki, har baƙon da ke cikin gari. Dalilin da ya bayar shi ne su ma bayi ne a Masar kafin ya fisshe su. Bawa ba shi da ranar kansa, mai 'yanci ne ke iya ajiye aiki. Saboda haka hutun da ka samu a kan gajiyar ƙanwarka ko mahaifiyarka ba shi ne wanda Allah ya tsara ba. Ka ɗebo ruwa, ka faskara itace tun jajibere, ka fige kajin, ka kai abincin maƙwabta, domin kowa a gidan ya samu sujada daga farkonta. Ku kuma 'yan mata, ku zauna da Mama tun da sauran kwanaki ku tsara aikin. Abin da za a iya soyawa da wuri a soya, kala huɗu su koma biyu in ta kama. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, baƙo kuma ya fi tuna yadda aka tarbe shi fiye da yawan kwanukan da aka jera masa.

A Fitowa sura 34 akwai umarnin da 'ya'yan manoma za su fi kowa jin nauyinsa. An ce a huta a rana ta bakwai ko da lokacin huɗa ne ko na girbi. Waɗannan su ne ranakun da manomi ba ya so ya yi asarar ko sa'a ɗaya, domin ruwan sama ba ya jira, tsuntsu da gara ma ba sa jira. A daidai lokacin da aiki ya fi matsi aka ce a dakata, don mutum ya tuna ba ƙarfin damtsensa ke riƙe da rayuwarsa ba. Mu masu bi ran Lahadi muke taruwa, ranar da Ubangiji ya tashi daga matattu. Kada ku bar Lahadin Disamba ta zama ranar da ta fi kowace gajiyarwa, sujada da safe, taron kwamiti da rana, gwajin waƙa da la'asar, kai amarya da dare. Ku keɓe wani yanki nata, ko daga azahar zuwa la'asar ne, ku kishingiɗa, ku yi hira da iyayenku, ku natsu a gaban Allah.

Na san wasunku za su ce, ai aikin Allah ne, yaya zan ƙi? Ku duba Markus sura 6. Manzanni sun dawo daga wa'azin da Yesu ya aike su biyu-biyu, jama'a na ta kai da kawowa har ba su da zarafin cin abinci. Aikin Allah suke yi, ba shakka, amma Yesu da kansa ya janye su zuwa inda ba kowa don su ɗan huta. Suka shiga jirgi, mutane suka bi ta ƙasa suka riga su isa. Ya ji tausayin taron, ya koyar da su, ya ciyar da maza 5,000. Bayan haka ya sallame su, ya hau dutse shi kaɗai yin addu'a. Bukatar mutane takan katse hutu, mai ƙauna kuwa ba ya jin haushin haka, amma da zarar hali ya samu sai ya koma wurin Ubansa. Ba rashin biyayya ba ne ka je wurin dattijon ikkilisiya tun farkon wata, ka rusuna ka ce, Baba, na riga na ɗauki kwaya da koyar da yara, in na ƙara wasan kwaikwayo zan ɓata duka ukun, amma ga wane, yana so a sa shi, kuma zai iya. Taura biyu ba ta taunuwa. A yawancin ikkilisiyoyi akwai 'yan ƙalilan da ake ɗora wa komai, da masu yawa da ba a taɓa tambaya ba. Idan ka rage wa kanka, ka buɗe wa wani ƙofar hidima ke nan.

Kada kuma ku raina jiki. A 1 Sarakuna sura 19, annabi Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya tsere jeji saboda barazanar Yezebel, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Abin da Allah ya fara yi masa shi ne ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa. Ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci. Sai bayan haka ya kama hanyar Horeb inda Allah ya yi magana da shi. Sau da yawa abin da kuke ɗauka sanyin bangaskiya ne, bashin barci ne da yunwa. Jiki magayi. Wanda ya kwana a gidan biki, ya wuce gwajin waƙa, ya sake kwana a wani bikin, ƙaramar magana za ta sa ya fashe. Ga kuma hanya. Ba banza Hukumar Kiyaye Haɗurra ke ta gargaɗi a watanni huɗu na ƙarshen kowace shekara ba. Direbobi na so su yi sawu biyu inda ɗaya ya kamata, ƙurar hunturu na rufe hanya, wasu kuma sun sha. Ku yi sammakon tafiya, ku guji tafiyar dare, kada ku hau babur ɗin wanda ya fito daga gidan burkutu. Ku ma kada ku nemi hutu a kwalba ko ƙwaya. Mantuwar 'yan sa'o'i suke bayarwa, da safe damuwar na nan, ta ƙaru da ciwon kai da kunya.

Sai maganar kuɗi, wadda ke hana mutane da yawa barci. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, amma abin da ake tsammani daga gare ku bai ragu ba. Ku shiga shagon tela daren jajibere. Janareta na ruri, yadi a tule, tela ya yi kwanaki bai runtsa ba, mutane na tsaye a kansa, wata na kuka, wani na zagi, duk a kan rigar yini ɗaya. Wani ya ci bashi a manhajar rance ta waya don takalmi, Janairu na kamawa a fara aika saƙon tozarci ga lambobin da ke wayarsa. Wani ya zuba ɗan abin da ya tara a cacar ƙwallo da fatan ya ninka kafin biki. Tushen duka ɗaya ne, tsoron kada a raina ni. Facebook da TikTok da WhatsApp kuma suna ƙara wa wutar itace, domin kowa hotonsa mafi kyau yake sakawa, babu mai nuna bashin da ke bayan hoton.

Ku koma Luka sura 2. Da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali a Urushalima, hadayarsu ta tsuntsaye biyu ce, kurciyoyi ko 'yan tantabaru. Bisa ga Littafin Firistoci sura 12, wannan hadayar macen da ba ta da halin ɗan rago ce. Iyalin da Allah ya damƙa wa Ɗansa da hadayar talakawa suka shiga Haikali, kuma a ranar ce tsoho Saminu ya rungumi yaron ya yabi Allah, Hannatu ma ta yi godiya. Daidai ruwa, daidai tsaki. Kafin ka kashe ko kwabo, ka ware baikonka, ka ware kuɗin komawa, ka ware na makaranta. Abin da ya rage shi ne na biki. Tsohuwar riga wankakkiya gogaggiya ta isa sujada.

Akwai kuma kayan da ido ba ya gani. Komawa gida a Disamba na da tambayoyinsa. Goggo za ta ce, yaushe za mu sha biki? Kawu zai ce, har yanzu aikin bai samu ba? A nuna maka sa'anka da ya zo da mota. Wata ta gama hidimar ƙasa tana zaune ba aiki, wani ya faɗi jarrabawa bai gaya wa kowa ba, wata ta yi abin da take jin in ya fito ba ta da fuskar shiga coci. Barci ba ya maganin irin wannan gajiya. Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a Tagaste cikin Aljeriya ta yau, ya bar gida yana saurayi ya bi ilimi da suna daga Kartaj zuwa Roma har Milan. Ya samu abin da ya fita nema, ransa bai kwanta ba, mahaifiyarsa Monika na ta yi masa addu'a. Sai a 386 da ya miƙa kansa ga Almasihu ya samu natsuwar da ya yi shekaru yana nema a wajen mutane.

A ƙarshen Matiyu sura 11 Yesu ya kira gajiyayyu da masu ɗauke da kaya mai nauyi su zo wurinsa, ya yi musu alkawarin hutu. Bai sa sharaɗin a sauke kayan tukuna ba, bai ce a gyara hali kafin a zo ba. Ya kuma ambaci karkiya, itacen da ake ɗora wa shanun huɗa a wuya, ya nuna tasa ba ta gallazawa. Ma'ana aiki na nan, amma wanda kake yi wa mai tawali'u ne, ba ya auna ka da ma'aunin da dangi ke auna ka. In zunubi ne ke cin ka, ka furta masa, ka nemi fasto ko babban da ka amince da shi ya tsaya da kai cikin addu'a, gama saboda masu zunubi aka haifi yaron nan. In kunyar rashi ce, ka sani darajarka ba ta rataya ga aiki ko aure ko mota ba, an riga an biya ta a kan gicciye. Wanda ya kama wannan zai iya amsa wa goggo da fara'a: Goggo, ki ci gaba da sa ni a addu'a, lokaci na Allah ne.

Gaba ma kaya ce. A gida za ka haɗu da ɗan baffanka da kuka yi sa'insa kan iyakar gona, ko ƙawar da kuka daina gaisawa tun bikin bara. A Matiyu sura 5 Yesu ya koyar cewa sulhu da ɗan'uwa na gaba da miƙa baiko. Kada ka jira a zo maka. Ka yi sallama, ka gaisar, ka ce a yafe. Ko bai karɓa ba, kai ka sauke naka.

Ba zan manta da waɗanda Kirsimeti ke fama musu miki ba. Mun tuna bama-baman Jos a jajiberen Kirsimeti na 2010, da harin Cocin Katolika na St. Theresa a Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da hare-haren ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a Kirsimetin 2023, inda aka rasa rayuka fiye da 100. Wasunku a sansanin gudun hijira za su yi bikin bana, wasu kuma akwai gurbin da ba mai cike shi a gidansu. Labarin Kirsimeti bai tsallake ku ba. A Matiyu sura 2 Hirudus ya sa aka kashe yara maza na Baitalami daga shekara biyu zuwa ƙasa, Yusufu ya tashi cikin dare ya gudu da iyalinsa Masar. Mai Cetonmu ya yi gudun hijira a ƙasar Afirka tun yana goye. Bulus kuma daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa game da salamar Allah mai tsaron zuciya, ya nuna hanyarta ita ce a kai wa Allah kowace damuwa cikin addu'a da godiya. Ku yi kuka in kuka ya zo, ba laifi ba ne. Ku kiyaye matakan tsaro da shugabanni suka sa. Kada ku yaɗa jita-jita ko hotunan da ke tayar da hankali, kada ku ba ramuwa masauki a zuciyarku. Ku riƙe kyakkyawar al'adar nan ta kai wa maƙwabta Musulmi abincin Kirsimeti, kamar yadda suke kawo mana naman layya. Ku ziyarci gwauruwa, da maraya, da tsohon da ba ya iya fita. Sa'a ɗaya a ɗakin irin waɗannan takan kwantar da rai fiye da yini guda a wurin casu.

To yaya za a zo wurin Yesu a aikace? Da lokaci tsayayye, kowace rana. Markus sura 1 ya nuna shi yana tashi tun da sauran duhu ya keɓe yin addu'a, bayan yinin da dukan gari ya taru a ƙofar gidan da ya sauka. Ku ma asuba ta fi muku, kafin a fara kiran sunanku, kafin hannu ya kai ga waya. Bisharar Luka sura 24 ce. Wanda ya fara ranar 1 ga Disamba yana karanta sura ɗaya kullum zai kammala ranar jajibere, ya shiga Kirsimeti ya san wanda aka haifa, da abin da ya koyar, da yadda ya mutu ya tashi. Wanda ya makara ya fara daga ranar da ya ji wannan magana. Tun 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki yake a Hausa, bayan wahalar shekaru da Dokta Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka sha, yau kuma yana cikin wayar da ke aljihunku. Bayan karatu ku ɗan yi shiru, sa'an nan ku jera wa Allah ayyukan ranar ɗaya bayan ɗaya, ku ce ga su, ka riƙe ni a cikinsu. Da dare ku roƙi Baba ko Mama a tara iyali ko na ɗan lokaci ne, a yi waƙa ɗaya, a karanta aya, a yi addu'a.

Wannan ba sabon abu ba ne a ikkilisiya. Katolika da Angilikan da Lutheran suna keɓe Lahadi huɗu kafin Kirsimeti don shirin zuciya. Kiristocin Masar da na Habasha, waɗanda ke bikinsu ranar 7 ga Janairu, sukan yi azumin fiye da kwana 40 kafin ranar. Magabata sun gane cewa murna mai nauyi tana bukatar zuciyar da aka shirya.

Saboda haka, ƙannena, tun yau ku ɗauki takarda ku rubuta abin da ke gabanku har zuwa daren tsallake shekara. Ku soke abin da tsoron bakin mutane ne kawai ya sa shi a ciki. Ku raba abin da za a iya rabawa. Abin da ya rage ku yi shi da dukan zuciya, kuna sane cewa Ubangiji na tare da ku a kasuwa, da tasha, da bakin murhu, kamar yadda yake tare da ku a sujada. Ku yi waƙa da ƙarfi, ku yi rawa, ku ci ku ƙoshi, ku yi zumunci, amma kada rana ta fito ta faɗi ba ku zauna da shi ba.

Allah ya kai masu tafiya lafiya ya dawo da su lafiya. Ya ta'azantar da masu makoki, ya buɗe wa masu nema ƙofa, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya. Salamar Almasihu ta tsare zukatanku a wannan biki da shekarar da ke tafe. Amin.